Kayan Lirwanu Sun Iso Tasha

Wayar Lirwanu ba ta mutu tare da shi ba. Ranar da rami ya rufta masa a dajin Bagega, cikin aljihun rigar da ya rataye a bakin ramin ya bar ta. Abokan haƙarsa suka kawo ta Bukkuyum, da rigar, da takalmansa na roba. Matarsa Hannatu ta karɓa, ta tura wayar ƙarƙashin filo, ta shiga takaba.

Lirwanu bai bar gona ba, bai bar shanu ba. Abin da ya bari kuɗi ne a banki, wanda ya tara da kaɗan-kaɗan daga haƙar zinari, sai gudummawar da abokan aikinsa suka haɗa suka zuba a kai. Kuɗin nan kowa a gidan ya san na mene ne. Na maganin Nusaiba ne.

Nusaiba ita kaɗai ta rage musu. Biyu Hannatu ta binne a Bagega shekarar da gubar darma ta yi ta kwasar yara, ita wannan ta tsira, amma ba duka ba. Shekararta goma sha uku, hankalinta na 'yar shekara huɗu, kuma tana da farfaɗiya. In tana shan ƙwayarta safe da yamma, sai a yi watanni ba ta faɗi ba. In aka tsallake, jikinta ya sani kafin kowa ya sani. Ƙwayar ba a samunta a kemis ɗin Bukkuyum, sai Anka ko Gummi.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun watse, Barau yayan Lirwanu ya zo ƙofar ɗakin ya tsaya ta bayan asabari, tunda mai takaba ba ta zama ido da ido da namiji.

"Hannatu, kawo katin bankin nan wurina. Ke ba hita za ki yi ba. Duk wata in ciro, in ba direban Anka ya sawo ma yarinya magani."

"To, Yaya."

"Kuma ki ji da kyau. Kar wanda ya gaya ma banki cewa Lirwanu ya rasu. Suna ji za su kulle kuɗɗin, sai an yi shekara ana yawon kotu. Gado kuwa a bari ki hita takaba, a raba cikin natsuwa."

Ta miƙo katin ta gefen asabari, ta faɗa masa lambar sirri. Wayar kawai ta riƙe, shi ma bai nema ba. A lokacin bai san amfaninta ba.

Watan farko magani ya zo daidai. Hannatu ba ta iya karatun boko ba, amma ta san lamba, don ta daɗe tana sayar da man gyaɗa. Lirwanu ya taɓa nuna mata cewa in alat, wato saƙon banki, ya shigo, lambar sama ita aka cire, ta ƙasa ita ta rage. Ta ga an cire kuɗin magani, ta ga wata naira hamsin, ta ga wata ɗari. Ta tambayi Barau, ya ce cajin banki ne da na mai POS. Wannan karon gaskiya ya faɗa. Daga nan kuma ya gane cewa kalmar caji buhu ce, duk abin da ka zuba ciki za ta ɗauka.

Barau ba talaka ba ne futuk, yana da babur yana haya. Abin da ke cinsa ido ne. 'Yan tasha sun koya masa sayen kaya ta waya, irin kamfanin nan da za ka ga hoton abu, ka danna, a aiko maka daga birni. Cire kuɗi a hannu ba ya yiwuwa yadda yake so, don mai POS ɗin bakin kasuwa abokin marigayi ne, ya san katin, ya san nawa ne kuɗin magani, kuma bakinsa ba ya shiru. Amma abin da aka saya ta waya ba mai gani. Matsala ɗaya ce. Kafin kuɗi su fita, sai banki ya aiko lambobi shida zuwa wayar mai asusu.

Wata safiya Hannatu na ba Nusaiba koko, sai ga inuwarsa a asabari.

"Kin tashi lahiya? Duba wayar nan, yanzu wasu lambobi sunka shigo. Karanto mani."

"Na mi ne, Yaya?"

"Sabunta kati ne. In ba a yi ba su toshe shi."

Ta karanto masa ɗaya bayan ɗaya. Bai kai zaure ba wayar ta sake ƙara. Ta duba lambar sama. Dubu arba'in da bakwai. Ta murza ido, ta sake dubawa, ta ƙirga sifirin da yatsa. Kokon ya huce a hannunta.

Da la'asar ta aika a kira shi. Ya zo yana cin rake.

"Kai, waɗanga mutane ɓarayi ne! Ni ma na ga haka, raina ya ɓaci. Netwok ne ya riƙe. Zai dawo, ki ba shi mako guda."

Mako ya wuce bai dawo ba. Ya ce harajin gwamnati ne na shekara. Da ta ce marigayi bai taɓa ambaton irin wannan haraji ba, ya ce sabo ne, bana aka fito da shi, ko rediyo ba ta saurare? Ya sake zuwa neman lambobi, ya ce don a maido da wancan ne. Ta karanto. Aka sake cirewa.

Sai ta kai kuka wurin Inna Uwani, mahaifiyar su Lirwanu, da ta shigo gaishe ta. Tsohuwar ta saki baki tana kallonta.

"Ɗana ko wata biyu bai yi cikin ƙasa ba, ke kina lissahin kuɗɗi? Mai takaba tazbaha aka sani a hannunta, ba waya ba. Barau da ya bar aikinai yana yi maki wahala shi za ki tuhuma?"

"Inna, ba tuhuma ba ce. In kin yarda in tai Gummi in tambayi bankin da kaina. Malam ya ce lalura ba ta hana mai takaba hita da rana."

"Malam ba a gidan ga anka haife shi ba. Ni na yi takaba, uwata ta yi, ko zaure ba mu leƙa ba. Kina son a ce matar Lirwanu na yawon mota da jimamin nata? Ba da raina ba."

Hannatu ta fasa tafiyar. Ba ta da uwa a garin, danginta suna can Adabka, hanyar kuwa ba kullum take biyuwa ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi wayar ta yi kuka. Ba ƙarar saƙo ba, kira. Kiɗan da Lirwanu ya sa mata ne, wanda tun rasuwarsa ba a ji ba. Nusaiba da ke wasa da murfin kwano ta miƙe tana tafi.

"Baba! Baba ya zo!"

Hannatu ta ɗauka.

"Salamu alaikum," in ji wata murya, ana jin hayaniyar motoci bayanta. "Lirwanu nake nema. Direba ne daga Gusau. A gaya mai kayanai sun iso tasha."

Ta ce, "Bawan Allah, mai wayar nan ya rasu."

"Subhanallahi! Yaushe?"

"An yi wata biyu."

"Haba baiwar Allah. Makon jiya ya yi oda. Ga sunanai jikin kwali, ga lambar wayar ga. In yana kusa ki ba ni shi, ina sauri."

Ta kashe. Ta zauna ta zuba wa rigar da ke rataye a ƙusa ido. Ta san gawa ba ta saye da sayarwa, ita Musulma ce. Amma tsigar jikinta ta ƙi kwanciya har azahar. Nusaiba kuwa ta je bakin asabari ta tsuguna, tana jiran Baba ya shigo da kaya.

Kaya sun shigo, amma ɗakin Barau suka nufa. Ta tsakanin karan asabari Hannatu ta ga ana dora faifan sola a kan rufi. Da yamma aka fito da fanka tsakar gida, fara, doguwa, mai juya kai hagu da dama. Inna Uwani ta shimfiɗa tabarma gabanta tana sa wa Barau albarka. Matarsa Sa'a ta leƙo ɗakin Hannatu da tuwo, ba a tambaye ta ba ta ce:

"Wani abokinai ne na Gusau ya ba shi bashi, zai riƙa biya kaɗan-kaɗan."

Ba ta yarda sun haɗa ido ba. Ta ajiye kwanon ta fita da sauri.

Mai gaya wa Hannatu gaskiya ita ce Maiturare, maƙwabciyarsu mai sayar da turaren wuta, wadda ta yi sakandare kafin aure. Ta shigo gaisuwa, Hannatu ta saki labule ta miƙa mata wayar. Maiturare ta yi ta karantawa, fuskarta na canzawa.

"Hannatu, wanga ba caji ba ne. Saye ne. Ga hwanka, ga sola, ga agogon hannu. Ga kuɗɗin kawo kaya, ga na ajiya a tasha. Har wani abu sunka sa shi ciki da za su riƙa cira duk wata, wai shi babban abokin cinikinsu ne. Ji wannan ma: suna gode ma Lirwanu, wai suna fatan ya ji daɗin kayan."

"Daina faɗin sunan," in ji Hannatu a hankali.

Akwai lambar ƙorafi a ƙasan saƙon. Maiturare ta sa katin waya da kuɗinta ta kira. Suka sha kiɗa har katin ya kusa ƙarewa, sannan wata mace ta ɗauka. Da aka nemi mai jin Hausa, aka sake sa musu kiɗa. Can wani saurayi ya zo, muryarsa sumul kamar mai karanta labarai.

"Da wa nake magana?"

"Matar mai wayar ce."

"Sunan mai asusun?"

Hannatu ba ta taɓa kiran sunan mijinta da bakinta ba, ko yana raye. Ta ce, "Baban Nusaiba."

"Hajiya, ba mu da wannan sunan."

Maiturare ta karɓe ta faɗa. Saurayin ya ce ya gani. Ya ce duk cinikin an tabbatar da shi da lambar banki, don haka a wurinsu ba kuskure. Kuɗin wata-wata kuwa mai asusun ne ya amince da shi lokacin da ya danna, shi kaɗai zai iya cirewa. A ba shi waya.

Matan biyu suka kalli juna. In suka ce ya rasu, Barau ya ce kullewa za a yi.

"Ba ya kusa," in ji Maiturare.

"To in ya dawo ya kira mu. Akwai wani abin da zan taimaka muku da shi?"

Katin ya ƙare.

Washegari da inuwar Barau ta bayyana a asabari, Hannatu ba ta taɓa wayar ba.

"Yaya, ba ni ƙara karanta lamba."

Ya yi wata 'yar dariya. "Wa ya zuga ki? Waccan mai warin hayaƙin?"

"Kuɗɗin marainiya ne. Ka ji tsoron Allah."

"Ni za ki koya ma tsoron Allah? To bari ki ji. Lirwanu bai bar ɗa namiji ba. Ina da gado cikin kuɗɗin ga, Inna na da. In ma na taɓa, rabona na taɓa. Wa ya yi ɗawainiyar makoki? Wa ka ciyar da ku? Hwankar nan tsohuwa na saya ma, uwar mai kuɗɗin. Ko ita ma ba ta da hakki?"

"A raba to. A ba Nusaiba nata."

"Sai kin hita takaba. Haka munka yi da ke."

Ƙarshen watan magani bai zo ba. Ya ce katin ya toshe, tunda ta hana a sabunta shi, ita ta jawo. Hannatu ta fara raba ƙwaya biyu da wuƙa. Ta ba Maiturare kwanukan aurenta aka sayar, aka ba direba ya sawo na 'yan kwanaki. Da suka ƙare ta ba da zannuwanta. Daga nan ɗakin ya zama ba abin ɗauka sai tabarma da rigar da ke ƙusa.

Nusaiba ta fara faɗuwa. Na farko a bakin randa, ta fasa leɓe. Na biyu har ta yi fitsari a jikinta, da ta farfaɗo ta kasa gane uwarta sai can. Tafin da take yi ta daina, sai zama da kallon bango. Abu ɗaya ke motsa ta, ƙarar wayar nan. Ita kuwa wayar ba ta fasa ba. Kullum kamfanin na aiko wa Lirwanu gaisuwa, suna gaya masa an rage farashi, suna tambayarsa me ya sa suka daina ganinsa. Kowane saƙo ya shigo, yarinyar sai ta ɗaga kai ta ce, "Baba." Hannatu ta so kashe wayar, ta kasa. Ta nan kaɗai take ganin abin da ya rage.

Inna Uwani ta ce ba ciwon asibiti ba ne, iskokin Bagega ne suka biyo ta, ta kawo hayaƙi da rubutu. Sa'a ta ce ita dai a daina barinta tsakar gida, kar ta faɗa kan fanka.

Saura kwanaki kaɗan takaba ta ƙare, Barau ya dawo. Wannan karon a tsugune ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Hannatu, na ga halin da yarinyar ga take ciki, ban iya barci. Ɗiyata ce ni ma. Na bincika, kamfanin nan na sai da irin maganinta, na wata shida a kwali guda, kuma ya hi na Anka sauƙi. Na sa an buɗe katin, har na riga na danna. Lamba kawai ta rage. In kin ga dama ki karanto, in ba ki ga dama ba, ni na hita hakkinta."

Hannatu ta dubi Nusaiba. Tana kwance, yawu na bin gefen bakinta, a goshinta ga ƙulun faɗuwar jiya. Maiturare ta tafi suna ƙauye, ba mai karanta mata saƙon.

"Ka rantse, Yaya."

"Wallahi an yi oda."

Ta karanto masa lambobi shidan.

Ranar da ta fita takaba aka yi mata wanka da kitso, mata suka zo barka. Washegari tun da sassafe ta ɗaura wayar a bakin zane, ta karɓi kuɗin mota wurin Maiturare, ta cire 'yan kunnenta na azurfa, abu na ƙarshe da ta mallaka. Ta roƙi Inna ta kula da Nusaiba, kar ta bar ta kusa da murhu. Kwalin magani shiru, ita kuwa ba za ta ƙara jira ba.

A bankin Gummi ta yi layi har rana ta take. Aka tura ta wurin wata ma'aikaciya mai suna Rashida, mace mai sauƙin kai. Ta karɓi wayar, ta duba na'urarta, ta daɗe tana dubawa.

"Baiwar Allah, waɗannan na farko lokacin ƙorafinsu ya wuce. Da kin zo da wuri da an rubuta wa kamfanin da ya karɓi kuɗin. Me ya hana ki zuwa?"

"Ba a bar ni hita ba."

"To sauran kuma duk an sa lambar da muka aiko. Wayar nan a hannun wa take?"

"Hannuna."

"Wa ya ba da lambobin?"

Hannatu ta ce, "Ni na karanta."

Rashida ta ajiye biro. "In mai waya ya ba da lamba da bakinsa, a wurinmu shi ya saya. Ba abin da zan iya. Amma mai asusun ya zo da kansa, a toshe katin, a tsayar da na wata-watan nan. Yana ina?"

Wata huɗu ana hana ta faɗin wannan magana. Ta gaji.

"Yana cikin ƙasa. Rami ya rufta mai."

Rashida ta yi salati, ta yi mata ta'aziyya da gaske, har idonta ya kawo ruwa. Sannan ta ce dole ta rufe asusun yanzu, haka doka take, sai an kawo takardar gado daga kotu. Hannatu ta ce a ba ta ko na maganin wata ɗaya daga abin da ya rage. Rashida ta ce wallahi da nata ne da ta ba ta. Ta buɗe jakarta ta ba ta dubu biyu.

Ta sayar da 'yan kunnen a kasuwar Gummi, ta haɗa, ta sayi ƙwayar mako biyu a kemis. Duk hanya tana riƙe da ita a tafin hannu, ba ta yarda ta sa a jaka ba. Motar ta tsaya jiran wasu motocin don a tafi a rukuni, kamar yadda ake yi yanzu, ba su shiga Bukkuyum ba sai bayan la'asar.

Tun daga bakin lungu ta ga takalma a ƙofar gida.

Tun azahar abin ya kama Nusaiba, in ya saki sai ya sake kamawa, bai bar ta ta farfaɗo ba. Inna ta yi ta hayaƙi. Barau yana tasha. Sai da Maiturare ta jiyo ta katanga ta shigo ta yi ihu aka nemo babur, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Har an yi mata wanka. Hannatu ta durƙusa gabanta, ƙwayar na hannunta, ledar ta jiƙe da gumi. Ba ta yi kuka ba. Ta gyara mata likkafani wajen goshi, inda ƙulun yake.

Da Barau ya ji an rufe asusu, a ranar, gawar ba ta daɗe da fita ba, ya ce wa Inna, "Kin gani ko? Na ce kar ta je. Yanzu da mi za a yi sadaka?"

Ranar sadakar uku maza suka cika ƙofar gida. Zafi ake yi, sai Barau ya sa aka fito da fankar, aka ja wayar wuta, aka kafa ta kusa da liman. Tana ta juya kai a kan masu addu'a. Hannatu na cikin mata, wayar ta yi kuka, kiɗan Lirwanu. Ta juya wajen bango inda yarinyar ke zama. Ba wanda ya ce Baba.

"Lirwanu nake nema," in ji direban. "Kayanai sun iso tasha."

"Ga ni nan tahe," in ji ta.

Yanzu ba mai hana ta fita. Ta yafa mayafi ta bi ta tsakiyar maza ta wuce. A tasha direban ya ce akwai ɗari biyar na ajiya. Ta kwance canjin motar Gummi ta ba shi. Ta ɗora kwalin a kai ta dawo. Ba ta shiga gida ba. Ta durƙusa a gefen tabarmar liman ta sauke.

"Malam, a gahwarce ni. Maganin Nusaiba ne ya iso. Yaya Barau ya yi mata oda, na wata shida. Tunda ba ta samu sha ba, a buɗe gaban jama'a a ba wani mai irin ciwon, ya zama sadaka gare ta."

Barau ya yunƙura. "Kai shi ciki, Hannatu. Nan wurin maza ne."

"Bari, Barau," in ji liman. "Niyya ce mai kyau."

Aka miƙo aska, liman ya yanka da kansa. Ya ɗaga takarda. Takalma ne, sau ciki, baƙaƙe masu sheƙi, na babban mutum. Ya ɗaga ɗaya ya juya shi, ya mayar.

Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai fankar.

"Kamfanin ne sunka yi kuskure," in ji Barau. "Haka suke yi. Wallahi ni oda na ce an yi, kuma an yi. Zan kira su."

Daga bayan ƙyaure muryar Inna Uwani ta fito. "Hannatu, taso ki shigo. Abin gida a gida ake barinai. Ki rufa mana asiri, albarkacin wanda ke kwance."

Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce kwana ne ya ƙare, ko da magani ko babu. Wani ya ce haka ne, a yi haƙuri, zumunci ya fi kuɗi. Liman ya ɗaga hannu ya ce a yi fatiha. Aka shafa. Aka raba gumba. Barau ya sa ƙafa ya tura kwalin bayan tabarma.

Ba wanda aka kai ƙara. Kamfani ya ce banki ne, banki ya ce lamba ce, lamba kuwa daga bakin Hannatu ta fito, kowa ya wanke hannunsa da wannan. Waɗanda suka kulle ta a ɗaki da sunan mutunta mamaci, su suka cinye abin da mamacin ya mutu yana haƙa, kuma har yau ana gaishe su a masallaci. Da sallah Barau ya sa takalman ya je idi. Sun yi masa daidai.

Hannatu ta koma Adabka wurin danginta, da riga ɗaya ta marigayi da wayarsa. Mutanen gidan sun ce ta cire layin ta jefar, ta ƙi. Tana ba da ita caji duk ranar kasuwa. Lokaci-lokaci saƙo na shigowa, kamfanin na gaya wa Lirwanu sun yi kewarsa. Ba ta buɗewa. Sai dai ta tsaya da abin da take yi, ta ɗan saurara, kamar mai jiran wani ya amsa daga cikin ɗaki.